Inna Ta Kira Sunana

Kurmin Sarki, Suleja
9 ga Yuni, 2024

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da sanyin Sikotland da ɓerayen da kike kiwo a jami'a. Mu nan kowa ƙalau. Hamdiyya tana gaishe ki, yara ma haka. Ruwa ya sauka sosai, har ya fara cin gefen titin shagona a Madalla.

Da biro na rubuta wannan, na ɗauki hotonsa na turo miki, domin a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Tun kina ƙarama haka kike, kuma Inna ce ta sangarta ki da ta ɗauko ki riƙo bayan rasuwar Kawu.

Batun Inna, mantuwar tana nan. Jiya ta tambayi Hamdiyya ko Baba ya dawo daga kasuwa, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ta yi la'asar sau biyu. Ta ɓoye carbinta cikin kwanon gari, ta ce an sace. Abu ɗaya ne ba ta manta ba, ni ɗan fari ne. In na durƙusa gaishe ta sai ta juya fuska bango, ta ce wa Hamdiyya, "Ki ce wa mai gidan naki ya tashi, ƙasa da sanyi." Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Khamis kuwa, da yake auta, in ya bugo daga Kano sai ta cika ɗaki da sunansa, shi da sai Sallah ake ganin ƙeyarsa.

Na karanta takardar da kika turo. Kin ce bincikenku ya nuna garkuwar jiki tana da hannu a cutar mantuwa. To ai da tun bara kin faɗi haka kin hutar da ni, ba sai kin shekara uku kina leƙen ƙwaƙwalwar ɓera ba. Washegari na sa aka nemo min maganin ƙara garkuwar jiki, na kwalba, irin wanda manyan Abuja ke sha. Na haɗa da zuma da habbatus sauda, safe da yamma Hamdiyya ke ba ta. Ni ban yi digiri ba, amma in aka nuna min inda ƙarfe ya yi rauni na san yadda ake ƙara masa kauri. Da injin walda na aro na fara, yau tagogina ne a benayen Gwarinpa.

Sannan ki daina cewa a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Uwata ba mahaukaciya ba ce, gigin tsufa ne, kuma ba zan zaunar da ita a benci mutanen unguwa suna nuna ta da baki ba.

Yayanki,
Mu'azu

Gilasgo
11 ga Yuni

Yaya Mu'azu,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata lau, ɓerayen ma suna amsawa. A gaishe min da Anti Hamdiyya da yara.

Shafi uku na turo maka. Da alama na farko ka karanta, ka miƙe ka tafi kasuwa. Bari in sake a taƙaice, ka daure ka kai ƙarshe.

Ban ce garkuwar Gwaggo ta yi rauni ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi na garkuwar jiki, aikinsu shara da gadi. Su ke kwashe dattin da ke taruwa tsakanin jijiyoyi, su tsinke hanyoyin da suka daina aiki. Abin da muke gani a masu cutar mantuwa shi ne masu gadin nan ba sa komawa su huta. Kullum a tsaye suke, a fusace, har su fara tsinke hanyoyin da ke da lafiya. Ka ɗauka ka ba wani injin goge ƙarfe ya gyara maka bakin walda, ya ƙi kashe injin, ya yi ta ci har ƙarfen ya huje. Irin wannan za ka ƙara masa wuta? Har yanzu ba a san yadda za a kwantar da su ba tare da an kashe gadin gaba ɗaya ba. A kan haka nake aiki, kuma ba ni da maganin da zan turo maka. Da ina da shi da ƙafata zan kawo.

Kwalbar nan ka daina ba ta. Ba na jin za ta yi wa ƙwaƙwalwarta komai, amma ban san abin da ke ciki ba, kai ma ba ka sani ba, ga shi tana shan maganin hawan jini. Zuma babu laifi.

Abin da ke shafi na uku ya fi komai. Duk wani ciwo a jiki, na haƙori ne, na mafitsara ne, ko gyambo, yana iya tunzura masu gadin nan. In ka ga ta canza farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ta wace fuska, a kai ta asibiti a ranar.

Likitan ƙwaƙwalwa kuma ba na mahaukata kaɗai ba ne. Ka sani sarai, taurin kan ne irin na gidanku, wanda ni ma na samu rabona ta wajen babana.

Barka da Sallah tun yanzu. Ka ce wa Gwaggo 'yarta tana gaishe ta.

Taubashiyarka,
Mardiyya

Kurmin Sarki
2 ga Yuli

Mardiyya,

Salam. Muna lafiya, mun yi Sallah lafiya. Ban ba ki amsa ba domin na ga kin fara koya min walda daga Turai, na ce bari in yi shiru kada in rubuta abin da zai ɓata zumunci. Kwalbar ban daina ba. Yau ga sakamako, ki zauna ki karanta.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, na leƙa ɗakin Inna kamar kullum, na durƙusa a bakin ƙofa. Sai na ji an ce, "Mu'azu." Na waiwaya baya, na zaci wani ne ya shigo gidan. Aka sake cewa, "Mu'azu, da kai nake. Ka toge a ƙofa kamar baƙo." Tana kallona cikin ido. Hamdiyya na tsaye da kofi a hannu, ta ajiye ta fice.

Na shiga na zauna a bakin gadonta, inda ban taɓa zama ba. Ta kama kunnena tana dubawa, ta ce wane wanzami ne ya yi min wannan aika-aika. Ta ce na rame, ni da ciki ya hana ni ɗaure takalmi. Daga nan ta ba ni labarin ranar da kakata ta zo ta tafi da ni bayan yaye. Ta ce ta bi mu a ɓoye har bakin rafi, ta laɓe bayan wani mangwaro tana kallo har muka ɓace, da ta dawo gida ta ce wa mutane itace ta je nema. Ban taɓa jin wannan ba. Ke ma, duk da kika tashi a cinyarta, na san ba ki ji ba.

Yau kwana biyar. Akwai aikin wani gida a Kubwa yana jirana, ya yi ta jira. Tana yawan barci, amma in ta farka ni take nema. Ko goro ta daina, abin da likita ya yi shekaru yana hana ta. Wani lokaci takan haɗa zance, ta ce a kori awakin da ke ɗaki, amma ƙofar da ta daɗe a rufe dole ta yi ƙara in ana buɗe ta, wannan aikina ne na sani. Na kira Khamis na ƙure muryar waya don ya ji da kunnensa. Ko sunansa ba ta ambata ba.

Don haka ki gaya wa malamanki akwai wani mai taga a Suleja, da sakandaren da kuke rainawa, ya yi wa uwarsa abin da ɓerayenku duka ba su yi ba. Ki rubuto ki ce na yi daidai. Layi ɗaya ya isa.

Yayanki,
Mu'azu

Gilasgo
3 ga Yuli

Yaya,

Ina lafiya. Labarin mangwaron nan a tashar bas na karanta shi, bas biyu suka wuce ni. Gaskiyarka, ban taɓa ji ba.

Amma ka kai Gwaggo asibiti yau. Na kira ka sau shida ba ka ɗaga ba, sai na kira Anti Hamdiyya. Da ƙyar ta yi magana. Ta ce tun kafin Juma'ar Gwaggo ta daina cin tuwo, koko kawai take kurɓa. Jikinta yana zafi da yamma. Ta ja mayafi ta rufe kumatunta na hagu, ba ta yarda a taɓa. Na ce ta sa ta buɗe baki ta duba, ta ce ita suruka ce, ina ita ina leƙa bakin Inna. Na ce to ta gaya maka, ta ce ta ga irin farin cikin da kake ciki ta kasa.

Matar da ta shekara sittin tana cin goro ba za ta daina rana ɗaya don ta tuna wa'azin likita ba. Taunawa ce ta gagare ta. Ga barcin, ga awakin, ga zazzaɓi, ga canjin da ya zo farat ɗaya. Shi ne abin da na rubuta maka. Ina zaton haƙori ne ya ruɓe ya tara mugunya, jiki yana yaƙi da shi, yaƙin ya hau har ƙwaƙwalwa ya ruɗa ta. Ni ba likitar asibiti ba ce, ban kuma gan ta ba, ina iya kuskure. Amma in na yi daidai, ciwon yana iya shiga jini. Ko bai shiga ba, irin wannan ruɗewa in ta daɗe, mai cutar mantuwa sau da yawa ba ya komawa inda yake da.

Ba kwalbarka ta jawo ba, ba kuma ita ta buɗe mata baki ba. Ba laifin kowa ba ne, bakin tsoho ba wanda ke dubawa.

Don Allah yau.

Mardiyya

Gilasgo
7 ga Yuli

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Na ga ka buɗe saƙona tun ranar Laraba. Wayar Anti Hamdiyya a kashe take. In gobe ta wuce ba ka kai Gwaggo ba, zan gaya wa Khamis ya shigo mota daga Kano ya zo ya kai ta. Ka yi fushi da ni yadda ka ga dama.

Mardiyya

Kurmin Sarki
8 ga Yuli

Mardiyya,

Lafiya muke, tunda al'ada ce a fara da haka.

Ni na kashe wayar Hamdiyya, kuma tana aljihuna. Kin zagaya ta bayan gidana kin titsiye matata da tambayoyi kamar 'yar sanda. Wa ya koya miki wannan? Ba Inna ba.

Kin ce bakin tsoho ba wanda ke dubawa. Na gane. Wato mun jefar da ita cikin ƙazanta har bakinta ya ruɓe muna kallo. Ɗakin da na shimfiɗa wa tayil da hannuna, na sa mata tagar da ko minista ban sa wa irinta ba. Hamdiyya kullum sai ta wanke mata kaya, ta gyara gado, ta turara. Ke da rabonki da ƙofar ɗakin shekara uku, ke ce za ki gaya mana abin da ke ƙarƙashin mayafinta.

Khamis kuma, in ya tako ƙofar gidan nan da wannan niyya, daga nan zai juya ya koma tasha. Shi ya ji sunansa har ya gundure shi. Ke ma ta goya ki, ta yi miki kitso, ta ba ki loma a baki. Ni bango aka ba ni in riƙa gaisarwa. Ranar aurena ba ta fito ba. Ranar da na buɗe shago ta bakin maƙwabciya ta aiko min da addu'a. Lokacin da ƙarfe ya tsaga min hannu aka ɗinke, a bayan labule ta tsaya tana tambayar yara ko jinin ya tsaya. Na ce kunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu suka tarar, na haɗiye, ban taɓa kai ƙara wajen kowa ba. Yanzu Allah ya ba ni kwana goma sha ɗaya, ke kuma daga wata duniya kin zauna kin rubuto cewa mugunya ce ke magana da bakin uwata.

Ɗazu da hantsi ta sa na ɓare mata lemo. Ba ta sha ba, ta ce in sha tana kallo. Wannan ma ki rubuta a littafin bincikenki.

Tunda ke ce mai ilimi, amsa min abu ɗaya, kuma kada ki yi min kewaye-kewaye. In an cire haƙorin, za ta ci gaba da kirana?

Mu'azu

Gilasgo
8 ga Yuli

Yaya,

Na gode da ka amsa. Ban ce ƙazanta ba, ko a asibitocin nan ana mantawa da bakin tsofaffi. Kuma ka mayar wa Anti Hamdiyya wayarta, ba ta yi maka komai ba.

Tambayarka. Ban sani ba, amma na fi zaton a'a. In hankalinta ya dawo, kunyar za ta dawo tare da shi. Sai dai mugunya ba ta san sunanka ba, ba ta san wani mangwaro a bakin rafi ba. Waɗannan na Gwaggo ne.

Ban kira Khamis ba. Kai nake jira.

Mardiyya

Kurmin Sarki
21 ga Yuli

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna tana gida tun ranar Laraba, jiya ta ci tuwo da miyar kuka, kaɗan dai.

Bayan amsarki na ƙara kwana biyu. Ki sani, ba zan ɓoye ba. Ranar Alhamis da safe ta kira ni, na shiga na zauna. Ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin mayafin, ta ɗora a kumatunta, ta ce, "Mu'azu, nan." Zafi kamar ƙarfen da aka gama yankawa yanzu. Kumburin ya sauko har wuya. Da ta buɗe baki za ta ƙara magana, warin ya buge ni. Na ɗauke ta da hannuna zuwa mota, ba ta kai nauyin taga ɗaya ba.

Likitar da muka samu Bayarabiya ce, Dakta Adeola, Hausarta irin ta kasuwa. Ta haska fitila a bakin Inna, ta ce, "Alhaji, kwana nawa Mama yana haka?" Na ce biyu. Ta dube ni ta saman tabarau. Na ce sati biyu. Ta ce, "Kai ne ɗan shi?" Na ce ni ne babba. Ta ce, "To babba, da ka ƙara kwana biyu, ba nan za ka kawo shi ba." A gaban ma'aikatanta ta faɗa, ni da ko 'yan kwangilar Abuja ba sa ɗaga min murya. Ta karɓi kwalbar a hannun Hamdiyya, ta karanta, ta jefa a kwandon shara.

An tsaga an fitar da mugunyar, an cire haƙora biyu, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai kwana shida. Kwana ukun farko ba ta san inda take ba. Rana ta huɗu na shiga da fulas ɗin shayi, na tarar an jingina ta da filo, idonta ya washe. Ta ɗago ta gan ni. Ta ja mayafi, ta juya bango, ta ce wa Hamdiyya, "Ki ce masa ya tafi wajen aikinsa, namiji ba ya wuni a ɗakin mata." Nas ɗin da ke wajen ta ce alhamdu lillahi, Mama ta dawo. Na ajiye fulas ɗin na fita na zauna a mota.

Ba ta dawo duka ba. Yanzu takan tsaya a tsakiyar Fatiha sai Hamdiyya ta ja mata. Jikokinta biyu ba ta gane su. Kafin Sallah tana gane su. Likita ta ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa ya tafi ke nan. Kwana takwas na riƙe ta bayan kin gaya min, kuma tun ranar da kika ambaci goro na san gaskiya kika faɗa. Na sani na zauna ina ɓare lemo. Wannan nawa ne, ni zan tsaya da shi gaban Allah. Ba sai kin faɗa ba, kuma in kika faɗa ba zan yafe miki ba.

An ba mu takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Abuja, ranar Talata za mu je. Dakta Adeola ce ta ce, ba ke ba. Hamdiyya ta karɓi wayarta, kuma yanzu kullum ita ke goge wa Inna baki da auduga, surukuta ko ba surukuta ba. Khamis ya zo ya kwana biyu, an kira sunansa ya fi sau ɗari, ya koma.

Har yanzu ina fushi da ke. Na nemi laifinki ban samu ba, fushin kuma bai tafi ba. Ki ci gaba da aikinki, ki gano yadda ake kashe injin nan, amma kada ki kira ni wannan makon.

Jiya Hamdiyya ta tambaye ni ko na ɗauki muryar Inna lokacin da take kirana, ta ce tana so yara su ji in sun girma. Sati biyu waya tana aljihuna, har biyu ma. Ban ɗauka ba ko sau ɗaya. Na zaci mun fara ke nan.

Yayanki,
Mu'azu